Matsayi ko Aiki: Da Me Za a Auna Mai Neman Kujerar Majalisar Jiha a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa?

Majalisar Dokokin Jihar Jigawa tana da kujeru 30, ko da yake ƙananan hukumomin jihar 27 ne, domin an raba uku daga cikinsu gida biyu, kuma Babura na cikin ukun nan, inda take da mazaɓar Babura da ta Kanya, yayin da Kazaure da Roni da Gwiwa kowacce ke tura wakili ɗaya zuwa Dutse. Duk lokacin da kakar zaɓe ta matso, masu neman waɗannan kujeru sukan zagaya gundumomi da alkawarin rijiyar burtsatse da gyaran makaranta da nema wa matasa aiki, amma ba kasafai ake jin ɗayansu ya tsaya ya fayyace inda ya sa gaba game da tsadar rayuwa, ko kiwon lafiya, ko yadda ake gudanar da zaɓe, ko shige da ficen mutane ta kan iyakar Nijar da ke kusa ba. Masu bibiyar siyasar yankin sun rabu biyu a kan wannan shiru. Wasu na ganin daidai ne, saboda a wurinsu waɗannan al'amura sun fi ƙarfin ɗan majalisar jiha, wasu kuma na ganin babban giɓi ne da ke mayar da kujerar wakilci ta zama ofishin rabon taimako.

Hujjar ɓangare na farko ta samo tushe daga Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ware jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. A cikin wannan jeri akwai shige da fice, da kwastan, da kuɗin ƙasa da canjinsa, da mafi ƙarancin albashi, da ƙayyade farashin kayan da aka ayyana a matsayin na masarufi, har da zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha su kansu, wanda hukumar INEC ke gudanarwa bisa dokar da aka yi a Abuja. Masu wannan ra'ayi suna tunatarwa cewa tsadar da ta gallabi mutanen Roni da Gwiwa ba daga Dutse ta taso ba. Ta biyo bayan janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa makonni kaɗan bayan haka, har litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ɗan takarar da ya hau duro a kasuwar Kazaure ya ce zai sauko da farashin kwanon gero, in ji su, ko dai bai san iyakar kujerar da yake nema ba, ko kuma ya sani yana yaudarar jama'a, kuma kowanne daga ciki aibi ne babba.

Suna ƙarawa da wata hujja da ta fi ta tsarin mulki ɗaci, wato yadda majalisun jihohi suke a zahiri. A mafi yawan jihohin Najeriya jam'iyyar gwamna ce ke riƙe da kusan dukkan kujeru, kuma a zaɓukan baya ɗan majalisa yakan samu tikiti ne ta hannun gwamna ko wani ubangidan siyasa, ta hanyar masalaha ko ta ƙuri'ar daliget, wato wakilan jam'iyya 'yan ƙalilan da ke zaɓen fid da gwani. Daga nan sai guguwar zaɓen sak, inda mai ƙuri'a ke dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ta ɗauke shi ta kai Dutse ba tare da kowa ya tambaye shi ra'ayinsa ba. Wannan ne ya sa jama'a ke kiran irin waɗannan majalisu 'yan amshin shata, kuma tarihi bai wanke su ba, domin a gyaran tsarin mulki na 2010 majalisun jihohi sun kasa haɗa adadin da ake bukata don amincewa da 'yancin kuɗin kansu. Idan haka lamarin yake, to matsayin da ɗan takara ya bayyana a fili ba shi ne zai yi aiki a zauren majalisa ba, kuma mai ƙuri'a da ya auna shi da abin da ido ke gani, kamar ko yana ɗaga waya, ko yana zuwa ta'aziyya, ko ya taɓa biyan kuɗin tiyatar wani talaka, bai yi wauta ba. Ya zaɓi ma'aunin da zai iya tabbatarwa da kansa ne.

Ɓangare na biyu bai musanta rabon ikon da tsarin mulki ya yi ba, sai dai yana ganin an karanta shi rabi da rabi. Tsarin mulkin da ya keɓe wa tarayya kuɗin ƙasa shi ne kuma ya sa amincewa da kasafin kuɗin jiha a hannun majalisa, ya ba majalisar ikon gayyatar kowane jami'i ta bincike shi kan yadda aka kashe kuɗin da ta ware, ya ɗora mata tantance kwamishinoni, ya kuma ba ta ikon tsige gwamna, kamar yadda majalisar tsohuwar Jihar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a 1981. Game da tsadar rayuwa kuwa, janye tallafin mai ya ƙara wa jihohi kason da suke karɓa daga asusun tarayya kowane wata da yawan gaske, don haka tambayar inda wannan ƙari ya nufa tambaya ce ta Dutse. Ko za a zuba shi a takin da kamfanin JASCO na jihar ke sayar wa manoma da rangwame, ko a noman rani, ko a hanyoyin karkara da ke rage kuɗin dakon amfanin gona daga ƙauyukan Gwiwa zuwa bakin titi, ko kuwa a manyan gine-gine a babban birnin jiha, duk zaɓi ne da ke bi ta hannun mutum 30 ɗin nan. Haka nan harajin kasuwa da na 'yan acaɓa da kuɗin makarantun gaba da sakandare mallakar jiha. A jihar da binciken talauci mai fuskoki da yawa na 2022, wanda ya haɗa rashin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli a ma'auni ɗaya, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanenta na cikinsa, ba ƙaramin abu ba ne a san wane ɓangare wakili zai tsaya idan ana rabon.

Masu wannan ra'ayi suna da misalai daga tarihin yankin kansa. Lokacin da Kazaure da Babura ke cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi da ta hau mulki a 1979 ta soke haraji da jangali, matakin da ya sauƙaƙa wa talaka da makiyayi fiye da duk wani rabon hatsi, kuma matsayi ne da 'yan jam'iyyar suka gada daga jam'iyyar NEPU, suka yi kamfe da shi, kowa ya san shi kafin a jefa ƙuri'a. A 2007 kuma gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan nakasassu naira 7,000 kowane wata bisa doka. Ɓangare na farko yana da amsa mai nauyi a nan, domin dukkan misalan biyu tunanin gwamnoni ne, majalisa ta bi baya kawai. Amsar gaskiya ce, amma ba ta rufe maganar ba, tunda abin da ya sa alawus ɗin nakasassu ya rayu bayan sauyin jam'iyya a 2015 shi ne kasancewarsa doka, kuma doka aikin majalisa ce.

A batun kiwon lafiya ne hujjar ɓangare na farko ta fi rauni, don tsarin mulki bai keɓe lafiya ga tarayya ba. A aikace tarayya na riƙe da asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya irin ta Birnin Kudu, jiha na riƙe da manyan asibitoci irin na Kazaure da Babura, ƙananan asibitocin gundumomi kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha tare da ƙananan hukumomi. Jigawa ma ta yi gwaje-gwajen da suka ja hankalin masana a wannan fanni. A 2007 ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa asibitocin matakin farko da na biyu a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai rassa tara, sannan a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ɗan Babura ne, aka rushe tsarin aka koma ga hukumar lafiya matakin farko, aka kuma kafa hukumar JICHMA ta taimakekeniyar lafiya, inda ake tara gudummawa daga albashin ma'aikata da aljihun gwamnati domin a biya kuɗin maganin wanda ya kamu da ciwo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye sai da ya bi ta zauren majalisa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, amma jiha ba ta cin gajiyarsa sosai sai ta kafa hukumomin da ake bukata ta kuma zuba nata kason. Akwai kuma alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince a riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, wanda ya zama ma'aunin da ake gwada jihohi da shi.

Saboda haka akwai tambayoyin da ɗan takara a Roni ko Kanya zai iya amsawa ba tare da ya shiga gonar Abuja ba. Shin yana goyon bayan a faɗaɗa taimakekeniyar lafiya ta kai ga manomi da ɗan tireda da ba su da albashi, kuma daga ina kuɗin zai fito? Shin ya fi son a gina sabon asibiti a mazaɓarsa, wanda za a sa masa allon suna, ko a ɗauki ungozomomi a biya su alawus ɗin zaman karkara domin asibitin da ke akwai ya riƙa karɓar haihuwa da dare? Wannan zaɓi na biyu shi ne wanda 'yan siyasa suka fi gudu, saboda gini ana ɗaukar hotonsa, albashin ungozoma kuwa ba ya fitowa a fosta. Yanayin ƙasar Kazaure ya ƙara wa tambayar muhimmanci, domin masarautar ta kutsa tsakanin Kano da Katsina, ta fi kusa da birnin Kano a kan Dutse, kuma mara lafiyar da ciwonsa ya yi tsanani galibi Kano ake nufa da shi, tare da duk kuɗin mota da na jinya da hakan ke jawowa. Wakilin da bai taɓa tunanin yadda za a rage wannan tafiya ba bai fara aikinsa ba, komai yawan takardun asibitin da ya biya daga aljihunsa.

Duk da haka bai kamata a raina biyan takardar asibitin ba. Iyalin da matarsu ke naƙuda mai wuya a daren nan ba za su jira gyaran doka ba, kuma al'adar da ta ɗora wa mai hali nauyin taimakon na ƙasa da shi ta girmi majalisa nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce lissafi. Mazaɓa ɗaya na ɗauke da mutum dubu ɗari ko fiye, albashi da alawus na ɗan majalisa kuma ba za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin ɗari na bukatunsu ba, don haka wanda aka auna da kyauta kaɗai dole ya nemi wata kafar samun kuɗi, kuma kafar da ta fi kusa ita ce yardar ɓangaren zartarwa, wato kwangila da ayyukan mazaɓa. Ta haka ma'aunin kyauta yake haifar da amshin shatan da ɓangare na farko ya kafa hujja da shi, har abin ya zama kamar mai haƙa rijiya yana zuba ƙasar da ya tono a cikinta.

Batun zaɓe ya kasu biyu, kuma kowane ɓangare ya kama rabi. Gaskiya ne cewa na'urar BVAS ta tantance masu ƙuri'a, da shafin ɗora sakamako a intanet, da iyakar naira miliyan 30 da Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa wa kuɗin kamfen ɗin ɗan takarar majalisar jiha, duk daga tarayya suka fito, kuma a ƙarƙashinsu aka yi zaɓen 18 ga Maris, 2023. Amma zaɓen ƙananan hukumomi na hannun hukumar zaɓe ta jiha, JISIEC, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta majalisa ta tabbatar, kuma majalisar ce ke yin dokar da ta tsara wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi. A zaɓen Oktoba 2024, wanda ya biyo bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 da ya haramta shugabannin riƙo ya kuma umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 27 duka, 'yan adawa kuma suka koka da tsadar kuɗin takara. Ba Jigawa kaɗai ba ce, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke cinyewa, ko wace jam'iyya ce. Bugu da ƙari, ba a gyara tsarin mulkin ƙasa sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince, kuma a zagayen da aka kammala a 2023 ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya faɗi ne a wannan mataki, yayin da na ba jihohi iko kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen yari ya tsallake. Ke nan wakilin Gwiwa yana da ƙuri'a a kan makomar ƙasa baki ɗaya, kuma tambayarsa ko yana son a bar zaɓen ƙananan hukumomi a hannun jiha ko a miƙa wa INEC tambaya ce da ta dace da kujerarsa, ko da kuwa ita ce wadda zai fi jin tsoron amsawa.

A shige da fice ne ɓangare na farko ya fi gaskiya. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, lokacin da aka sake buɗe Maigatari tare da wasu iyakoki uku, da rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairu 2025, babu ɗaya da aka nemi shawarar Dutse a kai, ko da yake fataken dabbobi da na hatsi da ke bin hanyoyin Babura da Daura zuwa ƙasar Damagaram su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Tarihi ma ya yi gargaɗi game da cusa wannan batu a siyasar jiha. A Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. A yankin da dangi ɗaya ke zaune a ɓangarori biyu na iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata, ɗan takarar da ya mai da asalin mutane abin kamfe yana wasa da wuta. Abin da ya rage wa jiha a nan shi ne sakamakon zirga-zirgar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, don haka kare burtali da mashaya da makiyaya ke bi idan sun gangaro daga arewa bayan girbi aikin jiha ne, haka ma rigakafin cututtuka irin sanƙarau, wanda ɓarkewarsa a Jigawa tsakanin 2022 da 2023 ta zo daidai da wadda aka yi a jihar Damagaram. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma ya ratsa Kazaure, zai ƙara yawan baƙi da 'yan kasuwa, tare da rigingimun fili da diyya da ke tafe da irin wannan aiki.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, ɓangare na farko ya fi iya bayyana yadda abubuwa suke, na biyu kuma ya fi dacewa da abin da doka ta tanada, kuma rinjayen na biyun ya fi fitowa a lafiya da zaɓen ƙananan hukumomi, ya ragu a tsadar rayuwa, ya kusan ɓacewa a shige da fice. Akwai dai wata matsala da masu neman a bayyana matsayi ba su cika kulawa da ita ba, wato rashin hanyar bin diddigi. Yawancin ƙuri'un zauren majalisa da murya ake yin su, masu cewa e da masu cewa a'a, ba a rubuta sunan wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi, saboda haka ko ɗan takara ya yi alkawari a gidan rediyo, da wuya mutumin Roni ya san ko ya cika. Kiranye, wato damar da tsarin mulki ya ba masu zaɓe su janye wakilinsu, yana bukatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, sharaɗin da ya sa ya zama barazana a takarda kawai. Abin da ya ɗan sauya shi ne cewa a 'yan shekarun nan jihohi, har da Jigawa, suna wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet, bisa wani shirin Bankin Duniya da aka fara a 2018. A cikin rahoton ana ganin abin da aka ware wa ma'aikatar lafiya ko ta gona da abin da aka saki a zahiri, kuma malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da ɗalibai, suna iya ɗaukar shafin da ya shafi mazaɓarsu su ajiye a gaban ɗan majalisa mai ci da mai neman kujerarsa, su nemi kowannensu ya yi bayanin tazarar da ke tsakanin lambobin biyu.